Matar da Ta Shuka Soso a Kan Kwano

Duk wanda ya ce maka ya san zafi, tambaye shi ko ya taɓa yin watan Afrilu a ɗakin kwano a Maiduguri. In ya ce a'a, ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa, bai san komai ba. Ni a Gamboru aka haife ni, aure ya kawo ni Jiddari Polo, furfura ta fito mini a garin nan, amma har yau in bazara ta kama sai in ji kamar ban taɓa ganin irinta ba. Kofin silba ka ajiye a tsakar gida, in ka dawo sai ka sa tsumma ka ɗauka.

A irin wannan gari maƙwabciyata Ketura ta zaɓi sana'ar saƙa wa jarirai rigunan sanyi. Katanga ɗaya ta raba mu. Mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Marama, can ƙasar Biu, inda ake lulluɓa da bargo ba don ado ba. Gajeriya ce, ba jiki, tafiyarta kamar ta bar tukunya a wuta. Kowa a layinmu Maman Hope yake ce mata, da sunan 'yarta ɗaya tilo da ke karatun jinya a Yola. Na sha tsokanarta a kan sana'ar nan.

"Maman Hope, ki ji tsoron Allah. Rigar sanyi a garin nan?"

"Ya Aisa, ai ku ne masu saye," in ji ta, hannunta bai daina juya zare ba. "Jariri na zufa kuna ƙara masa hula."

Gaskiyarta ne kuwa, don jikokina duka kayanta suka sa.

Mijinta Malam Yoila malamin firamare ne, ƙaton mutum, in ya yi dariya a gidansa sai mu ji a namu. Wata ranar damina ya faɗi a gaban allo. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki na dama, ya ɗauke masa rabin magana. Bayan an sallamo shi daga asibiti, maza huɗu suka shigar da shi ɗaki da ƙyar, ya kwanta. Duk mako Ketura takan nemi mai keke napep da masu taimako a kai shi gashin ƙashi, a dawo da shi. Zuwa lokacin sanyi yatsun hannun da ya mutu sun fara ɗan motsi. Ranar da ta fara gani ta leƙo ta katanga tana kirana kamar gobara ta tashi.

Gidansu na haya ne, ciki da falo, kwano tsirara ba silin. Da akwai babbar bishiyar dogon yaro a ƙofar, mai gidan ya sare don ya gina shago, shagon da har yau ba wanda ya kama. Allah ya isa tsakaninsa da bishiyar nan, ni dai ban yafe ba. Ga shi kuma shekarun nan ne da garin ya zauna ba wutar lantarki, fankar kowa ta koma wurin shanya ɗankwali. Likita ya gaya wa Ketura ƙarara cewa mai irin ciwon mijinta, in zafi ya dafa shi a ɗaki, ciwon na iya sake bugawa, kuma ba lallai ya tashi ba.

Da Kirsimeti wansa Wilson ya zo daga gida. Na shiga mayar da kwanon shinkafar da suka aiko mana, na tarar ana maganar, kuma da Hausa aka ci gaba don ina zaune. Wilson ba mugu ba ne, yana son ƙaninsa. Amma irin mazan nan ne da suke gama yanke magana tun a mota, in sun iso sanarwa kawai suke yi.

"Kafin zafi ya shigo zan zo in ɗauke shi," in ji shi. "A gida akwai iska. Mama ma tana son ganinsa kusa da ita. Ba zan bar ɗan'uwana ya gasu a wannan tanda ba."

"Yaya, a gida wa zai yi masa gashin ƙashi?" in ji Ketura. "Hannun ya fara motsi. In aka tsaya yanzu, shi ke nan. Zai sha iska mai sanyi, ya kuma ƙare rayuwarsa a kwance."

"To ki zaɓa, a kwance da rai, ko a nan ba rai?"

Malam Yoila yana jin su, idonsa na bin wannan yana bin wancan, bakin ya ƙi ba shi haɗin kai. Tausayinsa ya kama ni har na sunkuyar da kai. Ketura ta ajiye zarenta.

"Ka ba ni zuwa Ista," ta ce. "Ka zo da tsakar rana, lokacin da kai ma ka san ba a shiga ɗaki. Ka zauna a kujerar nan. In ka kasa zama, ka ɗauke shi, ni da kaina zan haɗa masa kaya."

Wilson ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya ɗan murmusa irin na wanda ya riga ya ci. Ya ce ya yarda.

Da ya tafi na ce mata, "Ke, da me kika dogara? Janareta za ki saya ko sola?" Ta ce ko ɗaya ba ta da halinsa. Sai ta jawo wani ƙullin leda daga ƙarƙashin gado ta kwance. 'Ya'yan soso ne, baƙaƙe, da 'yan ƙwayoyin duma. Ta ce a garinsu kowace bukka tana da duma ko soso a kanta, ganye ya rufe jinka ruf, ciki kuwa sanyi kamar bakin rafi. Na ce wannan ai da damina ne. Ta ce shuka ba ta san sunan wata ba, ruwa ta sani.

A tsakiyar Janairu ta haƙa ramuka a gindin bangon bayan ɗakin, ta wajen lungun da ke zuwa ƙaramin masallacin unguwa. Ta zuba takin awaki, ta kewaye da ƙaya don awakin da suka ba da takin kada su zo karɓar ladansu. Masu wucewa suna tambaya, tana amsawa, suna dariya. Maigidana Babakura ya ce matar nan wahala ta fara taɓa mata kai. Na ce masa ya bari sai ranar da ya taɓa shuka ko da albasa sannan ya yi magana.

Soso ya fito, ya fara kama igiya. Nan maganar ruwa ta taso. A layinmu ruwa sai mai moya, wato mai sayar da ruwa, ya turo kurarsa, jarka-jarka ake saye, kuma gidan mai jinya ba ya rabuwa da wanki. Ruwan ɗauraya take tarawa ta zuba, amma shukar tana girma tana ƙara baki. Wata rana tana tsaye a lungun sai ta lura da abin da duk muke tsallakewa kullum muna tsaki. Masallacin yana da tanki da injin sola, ruwan alwala kuwa gangarowa yake ya kwanta a hanya ya zama caɓi, agwagi na wanka a ciki.

Ta ari mayafina, ta ce in raka ta wurin ladaninmu da ake kira Ba Ajimi. Tsoho ne mai kunnen ƙashi, in ba ya son magana sai ya ce bai ji ba. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Wushe, wushe," in ji shi, ya amsa mana da Kanuri. "Matar Malam, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Roƙo na zo yi. Ruwan nan da ke zuba in an yi alwala, ina so in ja shi zuwa bangona."

Ya dube ta, ya dubi caɓin, ya dube ni kamar ni na kitsa. "Ruwan da ya gama aikinsa? Agwagi ma ba su nemi izini ba. Ja abinki, 'yata."

Da fartanya ta haƙa 'yar hanya, ta jera fasassun bulo a gefe. Daga ranar, duk sallar da aka yi a masallacinmu sai soson Ketura ya sha. Ya kama bango kamar ana jan sa, kafin ƙarshen Fabrairu kawunansa sun leƙa saman kwano. Ta yi murna, ta hau tsani ta kwantar da su a kan rufin da hannunta, yadda ake yi a garinsu.

Rana ɗaya tak ta ishe su. Da la'asar duk abin da ya taɓa kwanon ya soye, ya yi ja ya ƙanƙance, in ka murza sai ya zama gari. Na same ta zaune a kan bulo a lungun, ganyen a tafin hannunta.

"A garinmu jinka ce," ta ce a hankali. "Ciyawa ba ta ƙona ciyawa. Na manta wannan ƙarfe ne."

Ban taɓa ganin ta yi sanyi haka ba. Na ce a raina magana ta ƙare, sai a fara haɗa kaya. Na shiga gida raina a jagule, har na huce a kan Babakura da bai yi mini komai ba.

Washegari da hantsi sai ga keke napep ya tsaya, wari ya riga shi isowa. Ketura ce ta je kasuwar kifi ta hanyar Baga, ta samo tsohuwar komar masunta da aka jefar, ta haɗo da sanduna. Dabararta ita ce ta ɗaga komar sama da kwanon kamar kamu biyu, ganye ya kwanta a kanta, iska na wucewa ta ƙasa. Babakura ya leƙa ya ce a kira kafinta mana. Ta ce kafinta sai ya ga dama zai zo, rana kuwa ba ta fashi.

Ita ta hau. Ta sa tsohon wandon mijinta, ta naɗe shi ya kai sau nawa, ta ɗaura zani a kai. Da gari ya waye take hawa, kafin ƙarfen ya ɗau zafi, tana rarrafe a kan layin ƙusa don kada kwanon ya lotsa. Maza masu dawowa daga masallaci sai su sunkuyar da kai su ƙara sauri, kunya ta ishe su, amma ban ga wanda ya ce kawo in taya ki ba. Wasu ranakun aikin yakan ja ta har rana ta ɗaga. Gwiwoyinta suka saɓule, tafin hannunta ya yi bororo, har ta ajiye saƙa don zare ba ya riƙuwa. Kuliyoyin unguwa kuwa suka mai da rufin wurin taro saboda ƙarnin kifi, sai da rana ta gama cinye warin suka watse.

Ta datse kawunan da suka ƙone. Ashe abin da soson yake jira ke nan, kowane kai ya fito da rassa, suka bazu a kan komar. Cikin ɗaki ma ba ta zauna ba. Da hantsi take rufe ƙofa da taga kafin iskar wuta ta fara kaɗawa, ta rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a tagar, ta yayyafa wa daɓe ruwa, ta ja randa kusa da gadon. Sai rana ta faɗi take buɗewa. Kafin azumi ya kama rufin ya zama kore shar, furanni rawaya ko'ina, zuma na ta shawagi. Na shiga wata azahar da kaina don in gani. Ba zan yi ƙarya in ce sanyin firji ne ba, amma sai na ji numfashina ya sauka, kamar na zauna a gindin randa. Malam Yoila yana barcinsa, goshinsa a bushe.

A shekarar azuminmu da Istarsu tare suka zo. Masallaci ya cika, masu sallar shekara-shekara duk sun fito, ruwan alwala ya ƙaru, soso ya samu abin da yake so. Saura mako guda Wilson ya zo, injin tankin ya mutu. Mai gyara ya duba ya ce sai an aiko da wani ƙarfe daga Kano. Kowa ya koma yin alwala a gidansa, 'yar hanyar Ketura ta bushe ta tsattsage.

Ganyen soso ba ya da haƙuri. Kwana biyu ya langaɓe kamar kunnen akuya mara lafiya, na ƙasa suka fara rawaya. Mai moya kuwa a bazara cikin azumi sarki ne, sai ka bi shi kana lallashi. Ketura ta koma goge jiki da tsumma, ruwan wankanta ta ba shuka. Ni ma duk abin da na ɗauraye ina miƙa mata ruwan ta katanga. Bai kai ko'ina ba, ƙasar tana shanyewa kafin ka ajiye bokiti. Ɗakin ya fara ɗumi, Malam Yoila ya fara juyi yana nishi, ni kuwa tsoro ya kama ni sosai.

Wannan karon ba ta nemi rakiyata ba, mayafin kawai ta ara. Ta je ta tsaya nesa da ƙofar masallaci ana gab da azahar, cikin ranar da ko kare ya nemi inuwa, har Ba Ajimi ya fito kiran salla. Daga ƙofar gidana ina jin su, don da shi dole a ɗaga murya.

"Baba, na sake dawowa."

"Injin ya mutu, 'yata. Ni ma da buta nake zuwa."

"Na sani. Butar nake roƙo. Kowa yana alwala a gidansa, ruwan yana bin rariya. Ba na roƙon ko kofi ɗaya na shan kowa. Wanda zai zubar, ya zo ya zubar a gindin bangona."

Ba Ajimi ya shafa gemu. Na ce a raina yau kunnen zai ƙi ji. Sai ya ce, "Koma inuwa kada ki faɗi," ya juya ya yi kiran salla. Bayan an sallame na ji muryarsa yana magana da jama'a, rabi Kanuri rabi Hausa, har da faɗa.

Da la'asar na leƙo, na ga abin da ban taɓa gani ba. Maza ne jere a lungun, kowa da butarsa, sun tsuguna a gindin bangon Ketura, kowane mutum da tushen soso a gabansa. Da mai shago, da direba, da Alhajin da ba ya amsa gaisuwa. Har da Babakura, mutumin da tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa ɗauko wa kansa kofin ruwa ba, ga shi da buta cike yana neman wuri. Ba Ajimi na tsaye a kansu yana cewa ban da ɓarna, alwala dai alwala ce. Amma ranar na ga ana wanke ƙafa da kyau, har tsakanin yatsu. Ketura tana ciki, ta ƙi fitowa don kada ta takura su. Na shiga na same ta tsaye a jikin bango tana sauraron zubar ruwan, hawaye na bin fuskarta.

Haka aka yi ta yi kowace salla. Wasu ganyen sun tafi, amma yawancin suka miƙe.

Wilson ya cika alkawari, ya ma zaɓi ranarsa. Washegarin Ista ya iso, rana tana tsakiyar ka, kwalta na kama takalmi. Mota doguwa ya ɗauko, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa sabuwar katifa. Ya fito rigarsa ta manne da bayansa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ni kuwa sai na tuna ina da aron da zan mayar, na bi bayansa, don ba za a yi wannan ba ni ba.

Ya gaisa da ƙaninsa, ya zauna a kujerar. Ketura ta ɗebo masa ruwan randa, ya shanye, ta ƙaro.

"Ketura, ba wai ba ki yi ƙoƙari ba," ya fara. "Kowa ya ga ƙoƙarinki. Amma ganye ganye ne. Mama ta ce in gaya miki, ita ma ta ƙosa, kuma ga hanya yanzu da sauƙi, in muka tashi da wuri..."

Ya jingina kansa da bango don ya nemo sauran maganar. Muka jira. Ya miƙe ƙafa ɗaya, ya zare takalmi. Muka ci gaba da jira. Can sai muka ji minshari.

Dariya ta taso mini, na toshe baki da mayafi. Malam Yoila ya harare ni da ido ɗaya, ya kai yatsa bakinsa alamar in yi shiru. Sai da na sake dubawa na gane da hannun dama ya yi, hannun yana rawa, amma ya kai.

Kiran la'asar ne ya tashi Wilson. Ya zabura yana goge baki, ya ji zubar ruwa da muryoyin maza a bayan bango, ya leƙa ta gefen buhun ya daɗe yana kallo.

"Hanya ce ta gajiyar da ni," ya ce.

"Haka ne, Yaya," in ji Ketura, ko murmushi ba ta yi ba.

Ya sa takalminsa ya fita. Muka ji yana magana da direban motar. Sai ga su sun shigo da katifar. Ya ce a ɗaga Yoila a sa masa, ta fi wadda yake kai laushi. Motar ta koma Marama ba kowa a bayanta.

Abin da ban yi tunani ba sai daga baya, shi Malam Yoila bai taɓa ganin rufin ba. In za a kai shi asibiti ta ƙofar gaba ake fitar da shi a kwance, a tura cikin keke, kansa a ƙasa. Wata da watanni yana kwance ƙarƙashin abin, labari kawai yake ji. Sai da aka yi ruwan fari, ƙasa ta yi ƙamshi, ya ce shi yau da ƙafarsa zai fita. Da sanda a hagu, Ketura a dama, yana jan ƙafa, suka zagayo lungun. Tafiyar da yaro zai yi da gudu ɗaya ta ɗauke su lokaci mai tsawo.

Ya tsaya ya ɗaga kai. Ga ganye ya rufe ɗakin har ba a ganin ƙarfe, ga soso na reto manya-manya, ga sandunan da aka ɗaure da ragowar zaren saƙa kala-kala. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kama hannunta ya juya tafin, ya ga tabon.

"Ke... kika hau?" Maganar ta fito a karkace, amma ta fito.

"To wa zai hau?" in ji ta.

Ƙaton mutumin nan ya tsaya a lungu yana kuka kamar yaro, bai damu da wanda ke kallo ba. Ba Ajimi yana zaune a kan tabarmarsa, butarsa a gefe. Malam Yoila ya nuna butar da haɓa, tsohon ya miƙo masa. Ya karɓa da hannun dama, ya karkata ta a gindin soson. Rabin ruwan a ƙafarsa ya zuba. Na yunƙura zan kama masa, Ketura ta riƙe mini mayafi, muka tsaya har ya juye ta duka.